Yadda Ake Karanta Lambobin Lahanin Lantarki a Motar Ɗaukar Kaya

Sau da yawa akori-kura takan ƙi tashi da asuba, ga kaya an loda, sai mai ita ya garzaya ya sayo sabon batir. Bayan kwana biyu shi ma ya mutu. Dalili kuwa shi ne sassa uku ne ke aiki tare: batir yana adana lantarki, kik yana jan lantarkin ya juya inji, altaneta kuma yana mayar wa batir abin da ya rasa. In ɗaya ya kasa, yakan shafa wa sauran kashin kaji.

Tun shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tsarin binciken kai mai suna OBD-II, Turai kuma ta bi sahu daga baya. Kwamfutar mota takan ajiye lamba duk lokacin da ta ga lahani. Ana karanta lambar da na'urar da ake jonawa a wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. P0562 na nufin ƙarfin lantarki ya yi ƙasa, P0563 ya yi yawa. P0620 tana nuni ga layin sarrafa altaneta, P0615 kuma ga layin makunnin kik.

Abin lura a nan shi ne lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne kurum, ba ta faɗin musabbabi. P0562 ba ta ce batir ya lalace ba. Sakwarkwatar bel ɗin altaneta ko tsatsa a kan batir na iya jawo ta. Saboda haka sai an auna ƙarfin lantarkin, wanda ake lissafawa da bolt, har sau uku.

Da farko, inji a kashe kuma mota ta huta. Batir yana da ɗakuna 6, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1, don haka cikakke zai nuna 12.6. In ya nuna 12.2, cajinsa ya koma kusan rabi. Na biyu, yayin da ake murza makulli: bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Na uku, inji na aiki: a yawancin motoci akan sami tsakanin 13.5 da 14.7. In ya tsaya a wajen 12, caji ba ya isa ga batir, kuma sabon batir ba zai magance wannan ba.

Kada a goge lamba kafin a rubuta ta, domin ita ce shaidar da za a koma gare ta bayan gyara.

Tambaya ga ɗalibai: batir ya nuna 12.6, fitilu na haske sosai, amma kik ya yi shiru, kuma na'ura ta nuna P0615. Ina ya kamata a fara dubawa?