Darasi: Yadda Ake Haɗa Ƙarin Fitilu a Saman Tarakta da Motar Shiga Gona

Gabatarwa

A ƙasar Mubi, da zarar ruwa ya sauka a watan Mayu zuwa Yuni, lokacin huɗa da haro gajere ne, taraktocin haya kuma ba su kai yawan masu bukata ba. Wannan ya sa direbobi da yawa ke ci gaba da aiki bayan faɗuwar rana. Haka kuma da kaka, motocin a-kori-kura da ke kwaso masara, gyaɗa da wake daga ƙauyukan gindin duwatsun Mandara, kamar wajejen Gella, Sahuda da Vimtim, sukan yi dare a hanyoyi masu ramuka, duwatsu da kwazazzabai. Fitilun da aka ƙero mota da su suna haska gaba ne kawai, kuma daga ƙasa. Ba sa nuna wa direba bakin kunya, ko garmar da yake ja a baya, ko ramin da ciyawa ta rufe. Shi ya sa ake ɗora ƙarin fitilu a sama.

Ɗora fitila ba shi da wuya. Inda ake samun matsala shi ne wajen haɗa waya. Waya ɗaya da aka ja kai tsaye daga batir ba tare da fis ba tana iya ƙone tarakta ƙurmus, kuma idan hakan ya faru a masussuka, cikin busasshen kara, amfanin shekara ma zai bi ta. Wannan darasi an shirya shi ne domin malamin gona da mai tarakta su san abin da za su nema, da abin da za su ƙi karɓa, idan sun kai aiki wurin mai riwaya.

A fara da lissafi

Kafin a sayi komai, a san yawan wutar da fitilun za su ja. Yawancin taraktoci da a-kori-kura suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 12, amma wasu manyan motoci na bolt 24 ne, don haka a duba. A jikin kowace fitila an rubuta wat ɗinta. A tara wat ɗin fitilun duka, a raba da 12, abin da ya fita shi ne amfiya, wato yawan wutar da za ta riƙa bi ta cikin wayar.

Misali, fitilu huɗu masu ƙwan halojin na wat 55 kowace, jimlarsu wat 220, suna jan amfiya 18 da ɗoriya. Fitilu huɗu na LED masu wat 27 kowace, jimlarsu wat 108, suna jan amfiya 9 kacal. A ganina, ga tsohuwar tarakta, LED ta fi dacewa ko da ta fi tsada, domin altanetar irin waɗannan taraktoci ƙarama ce, kuma da ma tana ɗauke da cajin batir da fitilun asali. Ƙari ga haka, ƙwan halojin yana da siririn zare da girgiza ke tsinkawa. A duba ƙarfin da aka rubuta a jikin altaneta. Idan abin da ake ja ya wuce abin da take bayarwa, batir ne ke cike gurbin, kuma da safe injin ba zai tashi ba. Ko da injin yana kashe, fitilun halojin huɗun nan suna iya shanye kusan rabin batir mai ƙarfin 70 cikin awa biyu.

Kaurin waya

Nan ne aka fi yin ha'inci, nan ne kuma masu aiki suka fi neman sauƙi. Siririyar waya tana tauye wuta, abin da ta tauye kuma zafi yake komawa. Idan daga batir zuwa saman rufi da dawowa tsawon wayar ya kai mita 12, wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 da ke ɗauke da amfiya 18 za ta cinye kusan bolt biyu da rabi a hanya. Fitila za ta yi dishi-dishi, waya ta yi zafi, robarta ta yi laushi. Mai kaurin milimita 4 kuwa ba za ta cinye ko bolt ɗaya cikakke ba. Saboda haka ga halojin huɗu a nemi mai 4, ga LED huɗun da muka lissafa mai 2.5 ta wadatar.

A yi amfani da wayar mota mai siraran zaruruwa da yawa. Wayar gida mai sanda ɗaya tana karyewa da girgiza. A kuma lura, akwai wayar alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A kankare zare ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: idan cikinsa fari ne, a ajiye masa.

Fis da rile

Aikin fis shi ne ya tsinke kafin waya ta kama wuta. Waya yake karewa, don haka wurinsa shi ne dab da kan batir mai alamar (+), kada ya wuce tsawon taƙi guda. Duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. Idan aka kai fis can kusa da direba, sa'annan wayar ta goge a jikin ƙarfe kafin ta iso shi, babu abin da zai tsayar da wutar. Ga amfiya 9 a sa fis na 15, ga amfiya 18 a sa na 25. Idan fis ya ƙone, a nemi dalili. Ɗabi'ar nan ta naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbinsa daidai take da cire shi baki ɗaya.

Rile kuwa wani ɗan akwati ne da ke ba ƙaramin makunni damar sarrafa babbar wuta. Wutar da ke motsa shi ba ta kai rubu'in amfiya ba, saboda haka babbar wutar ba ta bi ta gaban direba, makunni kuma ba ya narkewa. A nemi mai ɗaukar amfiya 30 ko 40. A ƙarƙashinsa akwai ƙafafu masu lamba, ga yadda ake haɗa su:

Lamba 30: wayar da ta fito daga batir ta bi ta fis.
Lamba 87: wayar da ke tafiya zuwa fitilu.
Lamba 86: siririyar waya daga makunni.
Lamba 85: at, wato jikin ƙarfen motar.

Wutar da za a ba makunni a ɗebo ta daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, domin ko direba ya manta, da ya kashe injin fitilu za su mutu. A motar da ke hawa titi, ya fi kyau a ɗebo ta daga layin dogon haske, ta yadda duk lokacin da direba ya sauke haske saboda mai tahowa, na saman ma za su ɗauke tare.

Kafin a taɓa kowace waya, a cire kan batir mai alamar (-), kuma shi ne za a mayar a ƙarshe. Fitilar LED da yawa ba ta kamawa idan aka juya mata waya, don haka ja zuwa ga 87, baƙa zuwa at. Wurin ɗaure at a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fari. Rumfar tarakta sau da yawa tana zaune ne a kan roba ko tsatsattsun notuna, saboda haka kada a dogara da ita. A ja wayar at ta musamman zuwa gangar jikin taraktar ko zuwa batir.

Hanyar da waya za ta bi

A nisantar da ita daga salansa, fanka, da duk abin da ke juyawa. A zura ta cikin tiyo, a ɗaure ta a kowane kamu, kada ta yi lilo inda reshe ko kara zai fizge ta. Duk inda za ta ratsa huda a jikin ƙarfe a sa zoben roba. Mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta kai ƙarshen damina. A matse da kan waya ko a yi dalma. Rile da fis su zauna a sama, ƙafafun rile suna kallon ƙasa, musamman ga motar da ke ƙetare rafukan da ke malala zuwa kogin Yedzaram.

Gargaɗi na musamman: ƙarfen nan mai siffar ƙofa da ke bayan kujerar direba an yi shi ne don ya kare rai idan tarakta ta kife, abin da ba baƙo ba ne a gonakin gangare. Kada a huda shi, kada a yi masa walda. A kama fitila a jikinsa da maɗauri mai noti.

Saitin haske

Akwai fitila mai baza haske da mai harba shi nesa. Aikin gona na mai bazawa ne: biyu a gaba, ɗaya ko biyu a baya suna kallon garma ko tirela. A ja na gaba baya kaɗan daga bakin rufi, don kada haske ya doki bonet ya dawo idon direba. A yi saitin da dare, a fili, a karkatar da su ƙasa.

Da hunturu, idan hazo ya yi kauri ko ana bin bayan wata mota cikin ƙura, fitilar sama cutarwa take yi, domin haskenta na dukan ƙurar da ke daidai idon direba ya zama farin bango. A kashe ta a koma ga na ƙasa. Haka nan da zarar an hau titin Mubi zuwa Hong, ko na Michika, ko aka shiga gari, a kashe. Haskenta na makantar da mai babur da mai Keke Napep da ke tahowa, yana kuma firgita shanun da ake korowa kasuwa.

Bayan an gama haɗawa, a tada injin, a kunna fitilu duka na minti goma, sa'annan a shafa wayoyi, fis da rile da hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma duk wurin da ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ko dai wayar ta yi siriri ko mahaɗar ba ta kamu ba. In akwai mita, a auna kan batir alhali fitilun na kunne kuma an ɗan ƙara wa injin wuta: ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Idan ya sauka ƙasa da 13, altaneta ta gaza, sai a rage yawan fitilu ko a koma ga masu ƙarancin wat. A maimaita wannan gwaji a farkon kowace damina da kuma kafin girbi, a kuma ajiye fis biyu na ko-ta-kwana a akwatin kayan aiki.