INUGU, GARIN KWAL: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin iyayenmu hakimai na ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo, da malaman da ke riƙe musu littattafai. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mutumin Kwargaba da Inugu, garin da ke can Kudu cikin ƙasar Ibo, harshe daban, abinci daban? To, a garin nan an ga abin da kan faru in aka sami arziki a ƙarƙashin gonakin talakawa, baƙi suka taru a kansa. Har wa yau akwai ɗan ƙasar Sakkwato a tsakiyar labarin.

Kwal wani baƙin dutse ne da ake haƙowa daga cikin ƙasa. Yana cin wuta kamar gawayi, amma ya fi gawayi zafi da daɗewa. Cikin shekarar 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano shi a tsaunukan Udi. A sa'an nan babu gari a wurin, sai ƙauyuka. Daga sunan ɗayansu, Enugwu Ngwo, watau kan tudun mutanen Ngwo, aka sami sunan Inugu. Aka buɗe ramin farko cikin 1915. Da shekara ta kewayo hanyar jirgin ƙasa ta haɗa wurin da Fatakwal a bakin teku, tafiyar mil 151. Cikin 1917 aka buɗe ramin Iva Valley, aka kuma sa Inugu cikin lissafin garuruwa.

Ku lura da bambancin kafuwarsa da ta garuruwanmu. Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta ribaɗi, ya zaunar da jama'a, ya zauna tare da su, har ya rasu a can cikin 1837. Tun ran farko an san mai gari, an san inda za a kai ƙara. Inugu kuwa rami ya kafa shi. Turawa suka yi unguwarsu gefe guda, leburori suka kafa bukkoki a Ogbete, wadda ake kira sansanin kwal. Kusan kowa baƙo ne.

Kwal ɗin nan shi ne abincin jirgin ƙasa. Cikin 1927 hanyar Gabas ta haɗu da ta Kaduna ta wajen Kafancan, cikin 1929 kuma jirgi ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Ashe gyaɗa da auduga da fatun da kakanninmu suka riƙa kai wa tasha, gumin mutanen Udi ne ya ja su zuwa teku, ko da yake ba su taɓa ganin juna ba.

Abin da ya fi shafar hakimai shi ne yadda aka sami ma'aikatan farko. Yawancin ƙasar Ibo ba ta da sarauta irin tamu, saboda haka Turawa suka riƙa naɗa sarakuna da takarda. Mafi ƙarfinsu a wannan yanki shi ne Onyeama na Eke. Shi aka bai wa kwangilar kawo leburori. Ya riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka, da so da ƙi, kuɗin aikinsu kuma ya bi ta hannunsa, ya yanki nasa kafin saura ya kai ga mai gumi. Ya yi dukiya ƙwarai, ya mutu cikin 1933, amma har yau in an ambaci sunansa ba a rasa mai tuna tsoron da aka ji. Kada mu yi saurin ganin baƙinsa shi kaɗai. Tsofaffinmu sun san ɗiban gwamna, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka yi.

Rashin yarda da aka shuka tun farko shi ya yi 'ya'ya cikin 1949. Masu haƙa suka ce suna bin wasu kuɗi na baya, shugabannin rami suka ce babu. Ma'aikata suka shiga jan ƙafa a wurin aiki, aka kori waɗansu, su kuwa suka ƙi fita daga rami. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyar fasa dutse ta faɗa hannun masu tada zaune tsaye, ta aika 'yan sanda su kwashe ta. Ran 18 ga Nuwamba, a bakin ramin Iva Valley, Baturen da ke jagorantar 'yan sandan ya ga taro, ya firgita, ya ce a buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka yi rauni. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. Kwamitin bincike na Sir William Fitzgerald ya ce Baturen ya yi kuskuren hukunci, ya kuma zargi shugabannin rami da na ƙungiyar ma'aikata. A ganina tushen abin ƙarami ne: magana ce ta lissafi, wadda da an baje littafi a gaban kowa an karanta, da an kashe ta a zaune. Cikin 1950 aka kafa hukumar kwal ta Nijeriya, aka danƙa mata ramukan.

Yanzu sai labarin ɗan'uwanmu. Inda jirgi ya kai, fatake sukan kai. Hausawa da Fulani suka sauka Inugu da shanu, suka yi zango da masallaci. Cikinsu akwai Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu, mutumin Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, ya shugabanci samarinta a Inugu. Da aka ɗaga darajar garin cikin 1956 aka ba shi majalisa mai cikakken iko, Malam Umaru ne ya zama magajin garin farko, ya riƙe har 1958. Ba sarauta ba ce irin ta Magajin Garin Sakkwato. Kujera ce ta zaɓe, mai wa'adi, aikinta kasuwa da tsabta da hanyoyi da kuɗin gari.

Yaya Musulmi baƙo ya hau kujerar nan a tsakiyar ƙasar Ibo? Kada mu ce ƙauna ce zalla. Jam'iyya ta tsaya masa, shi ma ya sha wuya dominta. Ban da wannan, su kansu Ibo ba bakinsu ɗaya ba. 'Yan ƙasa na wajen Udi suna kukan cewa su ke shiga rami, mutanen Anaca da Owerri masu ilmin boko su ke riƙe alƙalami. A garin da kusan kowa baƙo ne, ba a cika tambayar inda aka binne cibiyar mutum ba. Duk da haka an yi shi, kuma abin a tuna ne. Bai daɗe ba. Kashe-kashen 1966 suka sa Ibo suka baro Arewa, 'yan Arewa suka baro Gabas. Inugu ya zama hedkwatar Biyafara, sojan Tarayya suka kama shi cikin Oktoba 1967. Sai bayan an gama yaƙi cikin 1970 fatake suka fara komawa.

Kwal kuwa tun kafin yaƙi ya fara ja da baya. Wajen 1959 ana haƙo kimanin tan 900,000 a shekara, sa'an nan jiragen ƙasa suka koma shan man dizal, ramuka kuma suka cika da ruwa lokacin yaƙi. A farkon shekarun 2000 haƙar hukuma ta tsaya. Garin bai mutu ba, don tun 1929 ya zama mazaunin gwamnati, yana da ofisoshi da makarantu da kasuwanni. Tun 1991 shi ne babban birnin Jihar Inugu.

Ranku ya daɗe, mu ba mu da ramin kwal, amma ƙasarmu ba fanko ba ce. Da farar ƙasar Kalambaina ake yin siminti tun 1967, akwai kuma dutsen jifsam, wanda ake haɗa siminti da shi, a wajen Wurno da Dange. Madatsar ruwan Goronyo, da aka gama cikin 1984, ita ma tana jawo baƙi masu noman rani. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, amma ta wajabta wa kamfanin da aka ba izinin haƙa ya rubuta yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta kowace shekara biyar. Ran da irin wannan takarda ta zo, ƙofar hakimi za a fara ƙwanƙwasawa.

In ta zo, kada a sa hannu sai malami ya karanta ta da Hausa a gaban dagatai da masu unguwanni da masu gonakin da abin ya shafa. Ya rubuta sunan kowace gona da mai ita da iyakarta da abin da aka ce za a biya, ya ajiye kwafi a ofis. In kamfani ya nemi leburori, a yi shela, mai so ya je, kowa ya karɓi ladansa da hannunsa. Baƙin da suka zo kuwa, a san mai masaukinsu, a rubuta su, a nuna musu mai unguwar da za su kai wa kuka.