Darasi: Yadda Hannun Makaɗi Ke Dawowa Bayan Dogon Hutu

Darasinmu na wannan wata na makaɗa ne, masu kayan tsirkiya: jita, garaya, gurmi, molo da kuntigi. Masu goge da kukuma su ma za su sami abin ɗauka. Muna magana ne a kan mutumin da ya iya kiɗa, ya rataye kayansa wata shida, ko shekara biyu, ko fiye, yanzu kuma yana son ya koma. In kai ba makaɗi ba ne, karanta wa maƙwabcinka.

Abin da ya sa aka rataye kaya

Mutanen Jibiya sun san dalili. Makaɗin bakin iyaka yana cin abinci a ƙasa biyu ne. Yau biki a Magama, gobe suna a Ɗan Isa, jibi ajo a Maraɗi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa. A 2020 cutar korona ta zo, aka hana taro. Iyakar Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. A 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, aka sake rufewa a watan Agusta, har zuwa Maris na 2024. Ga kuma 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka da dama. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar garaya.

Wasu kuma dalilinsu na kullum ne: aikin damina, tafiya cirani, ciwo, ko zaman makoki.

To, ranar da mutum ya sauko da kayansa, ya taɓa, sai ya ji hannun kamar na aro. Yatsu sun yi nauyi. Sauti ya fito a dushe. Nan take zuciya ta ce masa, "Kiɗa ya bar ka." Da yawa a wannan rana suke yanke shawarar sayar da kayan. Kada ka yanke hukunci a ranar farko. Ita ce rana mafi muni, kuma ƙarya take faɗa maka.

Me ya ɓace, me ya rage?

Abu uku ne suka tafi. Akwai kantar da ke bakin yatsu, wato taurin fatar da ke danne tsirkiya. In an bar kiɗa wata ɗaya zuwa biyu, sai ta yi laushi. Akwai ƙarfin yatsu. Akwai kuma sauri. Duk ukun a jiki suke, kuma jiki yana gina su da wuri.

Shi kuwa sanin kiɗan kansa, yana nan a ajiye a ƙwaƙwalwa. Wanda ya iya keke yana yaro, ya shekara goma bai hau ba, zai ɗan yi tangaɗi ne kawai, ya miƙe. A 1885 wani malami a ƙasar Jamus mai suna Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari har ya manta, sa'an nan ya sake haddace su. Ya tarar koyo na biyu ya fi na farko sauri, ko da yana jin ya manta sarai. Duk wanda ya taɓa barin ajin yaƙi da jahilci ya dawo, ya ga wannan da idonsa. Baƙaƙen da suka ci masa wata uku da farko, a mako biyu suke dawowa.

Ga misali daga ƙasar Mali. Bubakar Traore, mutumin garin Kayes, an haife shi a 1942. Bayan samun 'yancin kai, jitarsa da muryarsa suka cika gidan rediyon Mali. A 1968 aka kifar da gwamnatin Modibo Keita, sai aka daina jinsa. Ya koma wasu sana'o'i don ciyar da iyali. Mutane da yawa har sun ɗauka ya rasu. A 1987 ya sake fitowa a talabijin, kusan shekara 20 ke nan. A 1990 faifansa mai suna Mariama ya fito, daga nan aka yi ta gayyatarsa ƙasashen Turai da Amurka.

Fara da kaya, kafin hannu

Sau da yawa laifin da makaɗi ke ɗora wa hannunsa, na kayan ne. Kayan da suka daɗe a rataye sun sha damina, sun sha hunturu. Damina tana sa fata ta saki, tsirkiyar ƙarfe ta yi tsatsa. Hunturu yana busar da itace da ƙwarya har su tsage. Ɓera yana cin fata, gara tana cin itace.

Mai garaya ko gurmi, duba fatar da kyau. In sakewa kawai ta yi, shanya ta a rana kaɗan, za ta ɗaure. In ta huje, a sake ta. Duba jakin da tsirkiya ke hawa, ko ya karkace. Mai goge ya duba izgarsa, ya nemi ƙaro.

Mai jita, aikinka ya fi yawa, don tsirkiyarka shida ce. Tsirkiya mai tsatsa tana yanka yatsa, kuma ba ta riƙe saiti. Sake ta. A cire ɗaya a ɗaura ɗaya, kada a kwance duka lokaci guda. Wajen ɗaurewa a bi a hankali, a kawar da fuska, don in ta tsinke tana iya samun ido. Sa'an nan ka ɗaga jitar, ka hango wuyanta daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda kafinta ke duba katako. In wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya za ta yi nisa da katako. Dannawa za ta yi wuya ƙwarai, ko gwani ne zai sha wahala. Wannan sai mai gyara. In kana da zaɓi, tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi ga yatsun da suka yi laushi.

Kada rashin kaya masu tsada ya tsai da kai. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar da ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, jitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke.

Makon farko shi ne tarko

Ga inda mutane ke faɗuwa. Mutum ya yi kewar kiɗa, ya zauna awa uku a rana ɗaya. Gari ya waye, yatsu sun yi bororo. Dole ya huta mako guda. Daga nan sai zuciya ta mutu, kaya su koma bango.

A makon farko, minti 10 zuwa 15 ya isa, sau biyu a rana. Misali da hantsi, da kuma bayan la'asar. Da ka ji bakin yatsa ya fara zafi sosai, tsaya. Ɗan raɗaɗi ba laifi, da shi kanta ke fitowa. Bororo kuwa baya yake mai da kai. In ya fito, kada ka fasa shi, bar shi ya bushe da kansa. Mafi yawan mutane kanta tana dawo musu cikin mako biyu zuwa huɗu.

Yanke farcen hannun da ke danne tsirkiya. Kada ka yi kiɗa da ka fito daga wanka ko wanki, don fata ta jiƙa, tsirkiya za ta ci ta. Da sanyin hunturu, murza hannuwa su yi ɗumi tukuna.

Manomi zai ce, "Ai ni hannuna duk kanta ne." Gaskiya ne, amma kantar fartanya a tafin hannu take. Kiɗa bakin yatsa yake nema. Riƙon ƙota na wata huɗu kuma yana sa yatsu su saba da dunƙulewa. Sai ka riƙa buɗe su kana rufewa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ka ɗauki kaya.

Akwai ciwon da ba a yi masa haƙuri. In ka ji zafi a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko yatsu suna mutuwa, ko suna yi maka kamar tafiyar kiyashi, ajiye kiɗan. In ya wuce 'yan kwanaki, je asibiti.

Wane kiɗa za ka fara?

Wanda ka fi sabawa da shi, wanda da kana yi ko kana gyangyaɗi. Kada ka fara da kiɗan da ka fi alfahari da shi, don shi ne mai wuya. Kaɗa shi a hankali, rabin saurin da ka saba. Abin zai ba ka haushi, amma daure. Hannu abin da aka maimaita masa yake riƙewa. In ka maimaita kuskure da sauri sau hamsin, kuskuren ka koya masa.

In ka zo wurin da kake tuntuɓe, kada ka koma farkon waƙa. Tsaya nan. Ɗauki wannan ɗan guntun, ka yi shi sau goma a hankali, sa'an nan ka haɗa shi da na gabansa. Sa yaro ya riƙa tafa maka daidai-daidai, ko abokinka mai kalangu ya riƙe maka, don kada ka yi gudu a wuri mai sauƙi ka ja ƙafa a wuri mai wuya.

Za ka lura da wani abu. Wurin da ya gagare ka da dare, da safe sai ya zo da sauƙi. Masana sun tabbatar barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta daidaita abin da hannu ya koya. Shi ya sa minti 20 kullum ya fi awa uku ranar kasuwa kaɗai. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ciwo ya taɓa masa hannu ma, kada ya fid da rai. A ƙasar Faransa an yi wani makaɗin jita, Django Reinhardt. A 1928, yana da shekara 18, gobara ta ƙone masa hannun hagu, yatsu biyu suka shanye. Ya yi jinya wajen shekara ɗaya da rabi. Ya sake koyon jita da yatsun da suka rage, ya canza yadda yake dannawa. Sunan da ya yi a duniya, bayan gobarar ya yi shi.

Kafin ka fita fili

Bayan wata ɗaya ko biyu hannu zai fara jin daɗi. A nan sai ka duba baki. Baitoci sun fi kiɗa saurin zubewa. Ga amfanin karatunka: samu littafi ka rubuta farkon kowane baiti, waƙa bayan waƙa. Abin da ya ɓace maka, tambayi 'yan amshinka na da.

Ka kuma bincika labarin mutanen da kake wasawa. Cikin shekarun nan wasu sun rasu, wasu sun ƙaura Katsina ko Maraɗi, wani an naɗa shi sarauta, wani aurensa ya mutu. Makaɗin da ya ambaci sunan matar da aka saka a gaban amarya, gwanintar hannu ba za ta cece shi ba.

Kada ka karɓi kafin alƙalami na babban biki tun yanzu. Fara da sunan ɗan'uwa, ko hirar dare a ƙofar gida, da waƙa uku da ka tabbata sun zauna. In akwai waya a kusa, sa a ɗauki kiɗanka, ka saurara kai kaɗai. Kunne zai gaya maka abin da abokai za su ji nauyin faɗi.

Aikin wannan wata

Ja layi 30 a littafinka, layi ɗaya rana ɗaya. Kullum rubuta kwanan wata, da mintin da ka yi, da sunan kiɗan da ka taɓa. Ranar da ba ka yi ba, rubuta dalili. Ranar 30, ɗauki kiɗan da ka fara da shi a waya, ka kai littafin aji malaminku ya duba rubutun.