Kumburin Iska A Wuya Da Ƙirji Bayan Ƙyanda Ko Mura Mai Tsanani

Daga farkon hunturu zuwa ƙarshen bazara ne ƙyanda da mura suka fi yawaita a ƙasar Hausa. Akasarin waɗanda suka kamu kan warke lafiya lau. Amma jifa-jifa akan sami wanda tari ya yi wa tsanani har huhunsa ya ɓule, iska ta tsere ta shiga inda ba muhallinta ba. Abin ba shi da yawa, sai dai idan ya zo ba ya jira. Darasinmu na wannan fitowa domin iyaye ne da masu jinya, musamman na wurare masu nisa da manyan asibitoci, irin su Magajin Gari da ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku a Birnin Gwari.

Yaya iska ke tserewa?

Huhu kamar soso yake. A cikinsa akwai miliyoyin ƙananan jakunkuna masu siririyar fata, waɗanda ke cika da iska duk lokacin da muka ja numfashi. Idan ƙwayar cuta ta bairos ta kama huhu, sai jakunkunan su kumbura su yi rauni, majina kuma ta toshe hanyoyinsu. Tari mai ƙarfi na iya fasa wasu daga cikinsu. Iskar da ta fita takan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku:

1. Ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, ta danne huhun har ya motse kamar balan-balan da aka sace wa iska. Wannan ya fi haɗari, domin idan iskar ta ci gaba da taruwa takan matse zuciya da manyan jijiyoyin jini.
2. Ta shiga tsakiyar ƙirji, inda zuciya da maƙogwaro suke.
3. Ta hau sama ta bazu a ƙarƙashin fatar wuya da fuska da kafaɗu.

Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe da sanin wannan matsala a wurin masu ƙyanda, musamman waɗanda tamowa ta riga ta raunana. An gan ta kuma a duniya lokacin murar aladu ta 2009, da annobar korona wadda ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020. A lokacin korona ta fi samun manya da cutar ta ci wa huhu, har da waɗanda aka ɗora a kan na'urar taimakon numfashi.

Alamomin da za a lura da su

1. Ciwon ƙirji na farat ɗaya, mai suka, wanda ke ƙaruwa idan an ja numfashi.
2. Numfashi sama-sama. Ga yaro daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40 ko fiye.
3. Haƙarƙari na lotsawa, ko gefe ɗaya na ƙirji ya daina motsi kamar ɗayan.
4. Kumburin wuya ko fuska cikin 'yan awoyi, wani lokaci har idanu su rufe.
5. Sauyawar murya, ko wahalar haɗiya.
6. Leɓe da harshe su yi duhu, ko majiyyaci ya galabaita ya kasa sha.

Ga gwajin da kowace uwa za ta iya yi. A ɗora yatsa a kan kumburin a danna a hankali. Idan aka ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, kamar ana murza leda ko busasshen ganye, to iska ce. Ba ruwa ba ne, ba mugunya ba ce, ba hangum ba ne, ba kuma sammu ba.

Abin da ba a yi

Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga ko ƙaho. Ɓulin yana can cikin huhu, yanka fata ba zai toshe shi ba, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Kada a yi turare ko surace a rufaffen ɗaki, domin hayaƙi na ƙara tari, tari kuwa na ƙara tura iska waje. Kada a gasa wurin ko a matsa shi da ƙarfi. Kada a ɗura wa mai haki ruwa ko jiƙo. Kada kuma a ɓoye yaro a ɗaki wai don ƙyanda ba ta son allura. Wannan camfi ne da ya ci rayuka da dama.

Abin da za a yi

A nemi mota nan take, ko da dare ne, a nufi Babban Asibitin Birnin Gwari ko asibiti mafi kusa. A riƙe majiyyaci a zaune ko a jingine, kada a kwantar da shi rigingine. Da an isa a gaya wa ma'aikata cewa yana da ƙyanda ko tari, don a ware shi daga sauran yara. Idan aka ce a wuce Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, a nemi a fara ba shi iskar oksijin da taimakon gaggawa kafin a kama hanya, kuma a riƙo takardar turawa.

Magani a asibiti

Likita zai saurari ƙirji, ya sa a ɗauki hoto. Idan iskar tana ƙarƙashin fata ne ko tsakiyar ƙirji kawai, galibi oksijin da hutu da kula sun isa. Jiki da kansa zai shanye ta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kumburin fuskar na da ban tsoro, amma yana sacewa.

Idan kuwa huhu ya motse, za a kashe zafin wurin da allura, a zura 'yar roba ta tsakanin haƙarƙari, a haɗa ta da kwalba mai ruwa. Iska za ta riƙa fita tana ɓulɓulowa, ruwan kuma ya hana ta komawa. Masu jinya su kiyaye: kwalbar ta zauna a ƙasa da ƙirji koyaushe, kada a ɗaga ta, kada a zubar da ruwanta. Bayan 'yan kwanaki akan cire robar. Mai ƙyanda kuma za a ba shi bitamin A, da maganin ƙwayoyin cuta idan limoniya ta biyo baya.

Rigakafi

Allurar ƙyanda kyauta ce a asibitocin gwamnati: ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Shekarun rashin tsaro sun raba iyalai da yawa na Birnin Gwari da ƙauyukansu, yara da dama sun tsallake allurarsu. Iyaye su duba katin kowane yaro. Wanda lokacinsa ya wuce a kai shi, ma'aikata za su faɗi abin da ya rage masa. A shayar da nono zalla har wata 6, a ba yara abinci mai gina jiki, a nisanta su da hayaƙin murhu da na taba.

Wanda ya taɓa samun wannan matsala ya daina shan taba, ya riƙa zuwa ranar da likita ya sa masa, ya kuma dawo da gaggawa idan ciwon ƙirji ko haki ya sake tasowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.