Akwatin Zance: Inda Kwamfuta Kan Tsaya Ta Tambayi Mutum

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da jarrabawar shiga jami'a a kan takarda. Ɗalibin da ya kammala sakandare a Wurno ko Rabah ko Goronyo, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, tilas ya amsa tambayoyinsa a kanta. Idan ya gama ya danna harafin S domin miƙa aikinsa, na'urar ba takan karɓa nan take ba. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana neman ya tabbatar cewa lalle ya gama. In ya tabbatar, jarrabawa ta rufe ke nan, ba ya da sauran damar gyara ko da amsa ɗaya. Wannan ɗan akwati shi ake kira akwatin zance, watau wurin da manhaja kan dakatar da aikinta ta yi magana da mai amfani da ita, ta jira amsarsa.

Asalinsa da yadda yake aiki

A zamanin kwamfutocin farko, rubuta wa na'ura umurni ake yi layi bayan layi. Tsarin tagogi da maɓallan da ake dannawa ya bunƙasa ne a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, sa'an nan ya shiga hannun jama'a ta kwamfutar Macintosh a 1984 da Windows a 1985. Daga nan ya gangaro har cikin wayar hannu da injin cire kuɗi.

Manhaja jerin umurni ce da na'ura ke bi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ruwan madatsar Goronyo ke bin magudana zuwa gonakin rani. Akwatin zance shi ne ƙofar da ke kan magudanar. Idan aiki ya iso gare ta sai ya tsaya, kuma hannun mutum ne zai nuna inda za a karkata. A harshen tsara manhaja na JavaScript, wanda shafukan intanet ke amfani da shi, akwai umurni uku masu sauƙi na wannan aiki. Na farko, alert, sanarwa kawai yake yi. Na biyu, confirm, yakan yi tambaya mai amsa biyu, ya mayar wa manhaja ɗayan abu biyu: an yarda ko ba a yarda ba. Na uku, prompt, yakan buɗe gurbi a rubuta wani abu, kamar suna ko lamba.

Har ila yau akan raba akwatunan gida biyu. Akwai wanda kan tsare hanya gaba ɗaya, ba a iya taɓa komai a manhajar sai an sallame shi, kamar mai tambayar ko a ajiye rubutu kafin a rufe. Akwai kuma wanda kan zauna a gefe ana ci gaba da aiki, kamar na neman kalma cikin dogon rubutu. Na farkon shi ne mai ƙarfi, kuma shi ne wanda masu tsara manhaja suka fi yin almubazzaranci da shi.

Inda yake da rana

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa ga aika kuɗi ta waya. Mai sayen albasa ko tafarnuwa a kasuwar Acida yakan rubuta lambar asusu mai alƙaluma 10, sai banki ya fito masa da sunan mai asusun da adadin kuɗin, ya ce ya sa lambar sirri in ya yarda. Wannan akwati ne da ya cika sharuɗɗan aikinsa. Ya zo a daidai gaɓar da kuskure ke da tsada, ya nuna abin da mutum ke bukatar gani, kuma ya bar ƙofar fasawa a buɗe. Sifiri ɗaya da ya ƙaru kan mai da dubu hamsin ta zama dubu ɗari biyar, kuma dawo da kuɗin da suka faɗa asusun wani aiki ne mai cin kwanaki da zirga-zirga. Daƙiƙa biyar na karanta sunan nan ta fi wannan wahala sauƙi.

Abin mamaki shi ne mutane da yawa ba sa karantawa. Ba wauta ce ta jawo haka ba, kuma ba jahilci ba ne. Dalilin yana cikin halittar jijiyoyi.

Sabo a jikin mai rai

Duk manomin shinkafa a fadamar Wurno ya san halin tsuntsayen jan-baki. Ranar da aka kafa mutum-mutumi a gona, ko aka rataya gwangwanaye masu ƙara, tsuntsayen kan kauce. Bayan 'yan kwanaki sai a same su suna cin shinkafa a gindinsa, wani ma ya sauka a kansa. Masana ilmin halittu na kiran wannan sabo, wato raguwar martani ga abin da ke maimaituwa ba tare da ya cutar ko ya amfanar ba. Yana cikin hanyoyin koyo mafi sauƙi da ake samu a dabbobi, daga tsutsa har ɗan Adam.

Masanin da ya fi fito da sirrin abin shi ne Eric Kandel, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000. Ya yi bincikensa ne a kan wata dabbar teku mai kama da dodon koɗi marar ƙoƙo, mai suna Aplysia, wadda ƙwayoyin jijiyarta kusan 20,000 ne kawai, wasunsu manya har ana iya bin diddigin kowace. Idan aka taɓa ta, takan janye gaɓar numfashinta da sauri. Idan aka yi ta taɓawa, janyewar kan ragu har ta kusa ɓacewa. Kandel da abokan aikinsa suka gano cewa jijiyar da ke jin taɓin tana nan tana ji, amma sinadarin da take saki domin isar da saƙo ga jijiyar motsi shi ne ke raguwa. Saƙo yana zuwa, amma ba a isar da shi da ƙarfi.

To, haka ƙwaƙwalwar mutum ke yi wa akwatin zance. A 2015 wasu masu bincike na Jami'ar Brigham Young a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna kallon saƙonnin gargaɗi na kwamfuta, suka ga aikin sashen gani yana faɗuwa sosai tun daga maimaicin farko-farko. Da suka riƙa sauya kamannin gargaɗin, sai sabon ya yi jinkirin kamawa. Manomi ma ya san wannan, shi ya sa yake canza wa mutum-mutuminsa wuri da riga.

Wannan lamari ya taɓa cin rayuka. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar ƙona cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa majinyata shida haske fiye da ƙima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. Tushen matsalar kuskure ne a cikin manhaja, amma yanayin saƙonninta ya ƙara dagula al'amarin. Na'urar takan yawaita tsayawa ta nuna saƙon matsala da lamba kawai, ba bayani, har ma'aikata suka saba da danna harafin P a ci gaba. A garin Tyler na jihar Texas, a 1986, saƙon matsala mai lamba 54 ya fito, aka danna P kamar kullum.

Abin da ya hau kan mai tsarawa

Saboda haka babban laifin yakan koma kan wanda ya tsara manhajar. Duk akwatin da ya fito ba gaira ba dalili yana rage wa na gaba daraja. Windows Vista, wadda ta fito a 2007, ta sha suka saboda yawan neman izini, har kamfanin ya rage tambayoyin a Windows 7. Inda za a iya warware aiki, gara a bar mutum ya yi, a ba shi maɓallin komawa baya. Wannan ita ce hikimar kwandon shara na kwamfuta, inda abin da aka goge kan zauna har a tabbata ba a bukatarsa. A adana tambaya domin abin da ba ya gyaruwa.

Kalmomin kan maɓalli ma abin lura ne, musamman ga ɗaliban da wata rana za su tsara manhaja da Hausa. Idan akwati ya ce "Ba ka son a ajiye?" sa'an nan ya ba da "I" da "A'a", kowace amsa na iya ɗaukar ma'ana biyu. Amma in aka rubuta "Ajiye" da "Kada a ajiye" da "Fasa", ko wanda bai karanta tambayar ba ya san abin da yatsansa zai aikata.

Akwai kuma masu cin moriyar sabon da gangan. Tun daga 2015 wayoyin Android kan nemi izini kafin wata manhaja ta shiga lambobin waya ko hotuna. Wasu manhajojin ba da bashi sun samu wannan izini daga mutanen da suka danna ba su karanta ba, daga baya suka riƙa aika wa dangi da abokai saƙonnin tozarci kan bashin da ba a biya ba, har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin mutane a 2023.

Aikin gwaji a aji

Malami na iya nuna sabo ba tare da kwamfuta ba. A damina, a samo dodon koɗi a aje shi a kan faranti har ya fito yana tafiya. A ƙwanƙwasa farantin a hankali, ɗalibai su ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya sake miƙa ƙahonninsa. A maimaita sau 10 da tazara iri ɗaya, a rubuta lokutan a allo. Sa'an nan kowane ɗalibi ya ƙirga akwatunan da wayar gidansu ta nuna cikin yini ɗaya, ya ware waɗanda aka karanta daga waɗanda aka danna kawai, a kawo lissafin aji washegari a kwatanta shi da na dodon koɗin.