Darasi: Gobara A Rumfar Dabbobi

A ƙasar Amurka akwai wata babbar jiha da ake kira Teksas. Ƙasa ce ta makiyaya. Gonakin kiwonsu manya ne ƙwarai, kuma da yawansu suna can nesa da gari. Ba su yawo da shanu yadda Fulani suke yi. Wasunsu suna gina musu rumfuna manya, su kawo musu abinci da ruwa a ciki.

Ranar 10 ga watan Afrilu, 2023, gobara ta tashi a wata gonar shanun madara kusa da wani ƙaramin gari mai suna Dimit. Masu bincike sun gano cewa injin wata motar kwashe kashin shanu ne ya kama wuta a cikin rumfar. Kafin a farga wutar ta bi rufi, hayaƙi ya cika ko'ina. 'Yan kwana-kwana sun zo daga garuruwan kusa, sun ceto ma'aikaciya ɗaya wadda ta ji mummunan rauni. Amma shanu kusan 18,000 suka halaka. Me ya sa asarar ta yi yawa haka? Domin shanun duka suna ƙarƙashin rufi ɗaya, a tsare, babu hanyar gudu.

Wannan gobara inji ne ya jawo ta. Amma akwai wani sanadi da makiyayan Amurka suke tsoro ƙwarai, domin shi ba ya bukatar ashana, ko fitila, ko guntun taba. Ciyawa ce take kunna wa kanta wuta.

Yaya haka take faruwa? Makiyayi yakan yanke ciyawa, ya shanya ta, ya ɗaure ta dami dami, ya jibge a rumfa saboda lokacin sanyi. In ta bushe sosai, babu matsala. In kuwa da sauran danshi a jikinta, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan fara cin ta. Cin nan da suke yi yana haifar da zafi. Duk manomin da ya taɓa tona tarin taki ya ji ɗumi yana fitowa, ya san wannan zafi. To, shi ne. A cikin ƙaramin dami zafin yakan fita ya bi iska. A tsakiyar babban tari kuwa ba shi da mafita. Sai ya yi ta ƙaruwa, kwana da kwanaki, har ciyawar ta fara cin wuta daga ciki, alhali daga waje ba a ganin komai.

Malaman gona na can sun ce ciyawar da danshinta ya wuce kashi 20 cikin 100 ba ta isa ajiya ba. Hatsarin ya fi yawa a cikin makonni 6 na farko bayan an tara ta. In zafin cikin tarin ya kai digiri 65, an shiga hatsari. In ya kai 80, wuta ta kusa tashi. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi ma yana da dabara. Sai ya sami dogon ƙarfe, ya soka shi har tsakiyar tarin, ya bar shi kamar minti 15, sannan ya zare. In hannu ba zai iya riƙe ƙarfen ba saboda zafi, to magana ta ɓaci. Hanci ma yana taimakawa, domin ciyawar da ta yi zafi tana fitar da wani ƙauri mai kama da na sukari da ya ƙone.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Da sun ji zafi sai su yi sauri su buɗe tarin. Da iska ta shiga, wutar da take kwance sai ta tashi gaba ɗaya. Sai an tanadi ruwa da mutane, an kuma kwance dabbobi an kai su nesa, sannan a fara janye ciyawar kaɗan kaɗan. Kada kowa ya hau saman tarin, domin wataƙila wuta ta cinye cikinsa ya zama rami.

Manoman ƙasar Hausa ba su tara ciyawa kamar ta Amurka, amma suna tara harawar wake da ta gyaɗa. Tsohuwar al'adar ɗora harawa a kan itace ko rufin ɗaki al'ada ce mai kyau, domin iska tana ratsa ta ta kowane gefe. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai sayen harawa da kaka ya cusa ta a ɗaki ɗaya, yana jiran ta yi tsada da rani. In ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, ko an ɗaure ta da ɗanye, sai a sake shanya ta. Ko ba ta kama wuta ba, za ta yi fumfuna, tumaki su ƙi ci.

Kuma kada a haɗa harawa da turken dabbobi da rumbun hatsi a wuri ɗaya. Ƙauyen da motar kashe gobara sai ta yi tafiyar awa guda kafin ta iso, iskar hunturu ba za ta jira ta ba. A bar fili tsakaninsu, a share ciyawar da ke kewaye, a ajiye randar ruwa da yashi kusa. Igiyar dabba kuma a ɗaure ta yadda ko yaro zai iya kwance ta cikin duhu.