Farfaɗo da Tsofaffin Sandunan Kamun Kifi

A Ingila da Amurka, sandar kamun kifi ta gora abar gado ce, musamman ƙirar kamfanin Hardy da aka kafa a arewacin Ingila a 1872. Akan tsaga gorar Tonkin ta ƙasar Sin, a fere tsage shida, a manne su su zama sanda guda. Da Amurka ta haramta ciniki da Sin a 1950, gorar ta yi wuya a can, sandunan zaren gilashi suka mamaye kasuwa.

Mai gyara yakan fara da duba mahaɗan ƙarfe, domin a nan sanda ta fi karyewa. Sai ya warware silikin da ya ɗaure zobban da igiya ke bi, ya sake naɗawa, ya shafa man sheƙi. Samun madadin abin da ya lalace shi ne jan aiki. Sau tari sai an sayi karyayyar sanda tsararta an cire nata.

Kuskuren ɗan koyo shi ne kankare tsohon man sheƙi gaba ɗaya. Ƙarƙashinsa maƙeri yakan rubuta sunansa da tawada. In ya goge, darajar sandar ta faɗi.

Auna Fahimta
Me ya sa gyara kan rage darajar tsohuwar sanda?